Gaisuwar Gwaggo

Idan ana lissafin mutanen da rufe gadar Gaya ya kassara, Alhaji Na'Allah ba ya yarda a sa shi ciki. Shi a wurinsa hutu yake yi. Tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai aka toshe bakin gada, manyan motocin Kwatano suka daina ƙetarowa, shi da sauran masu fidda wa 'yan kasuwa kaya daga hannun duwan, wato kwastan, suka koma zaman benci. Amma ko sau ɗaya bai fito gida ba sai da babbar riga da turare. Yakan tsaya a ƙofar ofishinsa da ko ƙuda ba ya shiga, salula a kunne, yana ba da umarni ga wanda babu shi. In kuwa kira na gaske ya shigo, musamman baƙuwar lamba, sai ya buɗe murya kowa ya ji, don a san har yanzu ana nemansa.

Abin da gadar ta yanke masa da gaske ba kaya ba ne. Alhaji yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau, shekara da shekaru, kuma a wannan gefen gulbi daga shi sai Allah suka sani. Maganinsa a Malanbil yake karɓa, can ƙasar Benin, hannun wani likita da ke bayan kasuwa. Wa zai tambayi mai aikin duwan me ya kai shi ƙetare? Ya karɓo, ya juye a kwalbar maganin hawan jini, ya dawo gida ya ajiye ta a fili kan tebur, har yana yi wa matarsa Hawwa faɗa a kan gishirin miya.

Da aka rufe gada ya gwada jirgin ruwa. Sai ga Alhaji guda, da rigarsa mai aiki, a tsugune tsakanin buhunan albasa, ruwa yana lasar takalminsa. Mai tuƙin, wani Tanko da a da ko gaisuwarsa Alhaji ba ya amsawa da baki, ya dube shi ya ce, “Alhaji, yau kai na cikin albasa? To ina kayan naka?” Duk jirgin aka yi dariya. Bayan nan aka yi wani lokaci an hana ƙetarewa gaba ɗaya, da aka sassauta kuma ya tarar an ɗauke likitan nasa zuwa wani gari. Kwalba ta fara sauƙi a hannu. Ranar da ya girgiza ta ya ji 'yan ƙwayoyi suna kai da kawowa a gindi, ya san babu sauran dabara sai asibitin hanyar Tanda.

Wannan asibiti kuwa babu wanda ya ci mutuncinsa a fada, wurin hirarsu, kamar Alhaji. In ana shayi aka ambaci masu ciwon, shi ne mai tofar da yawu, shi ne mai cewa ai kowa ya ɗebo da hannunsa. Da aka kawo musu na'urori, aka ce yanzu komai da yatsa da allon latsawa ake yi, cewa ya yi an sa wa jaki agogo. Ƙauyawan Tanda da Yelu da ko sunansu ba su iya rubutawa, su ne za a dangwala wa yatsa a gilashi? Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Hawwa ma 'yar Tanda ce, kuma bai taɓa barin ta manta ba. Danginta manoman shinkafa ne, shi kuwa duk kamarsu ɗaya a idonsa, bai taɓa wahalar da kansa ya san wace ce inna wace ce gwaggo ba. Lokaci lokaci takan yafa mayafi ta ce, “Alhaji, gwaggo ta aiko gaisuwa, za ni in gano ta.” Shi ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce, “Ku dai ba ku da aiki sai dangi. A gaishe ta.” Ta tafi da safe, kafin azahar ta dawo ta ɗora tukunya. Mace ce mai jiki, fata sumul, ba ta cika ciwo ba, ga 'yarsu Halima tana tsalle-tsalle lafiya lau. Duk sanda zuciyarsa ta so ta tambaye shi wani abu game da su, sai ya dube su ya ce ai ga shi ido ya gani, babu abin da ya same su.

Ya zaɓi ranar kasuwa, don a ɗauka wucewa yake. Ya sa tsohuwar jallabiya, ya bar mota, ya hau kabu-kabu, ya sauka nesa ya ƙarasa da ƙafa. Duk wannan wahala a banza, domin turarensa ya riga shi shiga.

Ƙofa ɗaya ce ga kowa, mai zazzaɓi da mai ciki da mai ciwon haƙori, an yi haka ne don kada a gane wanda ya zo don me. Alhaji bai ga hikima a nan ba, raini ya gani. Aka miƙa masa 'yar takarda mai lamba aka nuna masa benci. Ya ce yana son ganin babba. Aka ce babba yana ciki, kuma shi ma lamba yake bi. Ya juya zai zauna, sai ga Tanko mai jirgi a bakin bencin, ƙafa duk faso, yana matsawa yana share masa wuri da tafin hannu.

“Bisimilla, Alhaji. Lahiya dai?”

“Hawan jini na,” in ji Alhaji, yana duban rufi.

“Allah shi sawwaƙe,” in ji Tanko. “Ai mu nan duk hawan jini gare mu.”

Alhaji ya zauna da rabin jiki, ya tattare jallabiyarsa kada ta taɓa kowa. Ya dubi layin ɗaya bayan ɗaya ya raina su duka: tsohuwa mai goro a kunci, direban da ya san shi tun yana yaron mota, wata Bafulatana da ƙwarya a cinya. Su kuwa ko a jikinsu. Hira suke yi a kan ruwan gulbi da ya ƙaru da tsadar taki, wannan da Hausa, wancan da Dandanci, kamar masu jiran mota.

Da lambarsa ta zo aka shigar da shi wani ɗaki wurin majo Bibata, mai kula da wannan sashe. Mace ce siririya mai tabarau, ta kai shekara arba'in, kuma haifaffiyar Gaya ce, wato ta san Alhaji Na'Allah kamar yadda kowa ya san shi. Ta gaishe shi da ladabi, ta rufe ƙofa. Ya ajiye mata kwalbar a kan tebur, ya ce irin wannan yake so, na wata shida, kuma sauri yake yi.

Ta zazzage ƙwaya ɗaya a tafinta, ta duba, ta mayar.

“To, Alhaji. Sai mun buɗe maka wuri cikin na'ura. Suna?”

“Ke madam, magani ni ka so, ba hira ba.”

“Taga ba ta ba da magani sai allon ga ya yi kore. Ba ya yin kore sai an bi komi daki-daki. Ko ni ban iya tsallakewa. Suna?”

Ya yi gyaran murya. “Ɗan'azumi Idrisa.”

Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta rubuta, ta turo masa ɗan gilashi mai jar wuta. “Ba komi, na'ura ba ruwanta da suna, yatsa ta sani. Aza babban.” Yatsan da ya sa hannu a takardun motoci ɗari-ɗari, shi ne yau a gurbin da Tanko ya gama dangwala nasa. Ya ɗora yana kawar da kai. Ya ɗauke ya goge a jallabiya.

Ta nemi lambar salula. Ya karanto mata wata daga kansa, yana jin daɗin wayonsa. Ta latsa, ta naɗe hannu. “Yanzu saƙo za shi shigo maka, ka karanto mini abin da ke ciki.” Suka zauna jiran saƙon da ya tafi wurin wani bawan Allah can ko a Agadas. Ta ce ko matsalar rezo ce, wato layin sadarwa, don a nan salula takan kama na Benin ta saki na gida, ya fito da ita a duba. Ya ce ya tuna, ya canza layi. Ya faɗi ta gaskiyar a ciki-ciki, nan take aljihunsa ya ɗauki ƙara kamar ana shela.

Daga nan aka fita da shi aka ɗora shi a sikeli kamar buhu, aka ɗebi jini, aka dawo da shi. Kowane tebur sai an sake neman yatsa, kowane tebur sai ya sake cewa shi fa sauri yake yi, kuma babu wanda ya ƙara sauri ko kaɗan. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda ya wulaƙanta shi. Da an yi masa tsawa da ya sami abin riƙewa. Yadda aka yi wa Bafulatanar nan haka aka yi masa, har sannun iri ɗaya.

“Saura kaɗan,” in ji Bibata da ya koma kujera. “Akwai iyali?”

“Wagga tambaya ta mi ta?”

“Na'ura ka tambaya, Alhaji, ba ni ba.”

“Mata guda. Rubuta lahiya lau take.”

“An gwada ta?”

“Ba ta buƙata.”

Bibata ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Bai ga komai a fuskarta ba, don ba fuskarta yake kallo ba, ƙofa yake kallo. “Yara?”

“Guda.”

“Akwai wanda ya rasu yana ƙarami?”

“Zazzaɓi na.”

Sunansa Siddo, ɗansu na fari. Hawwa tana da cikinsa aka gaya wa Alhaji sakamakon jininsa a Kwatano, kuma likitan ya ce masa ya kai matarsa a gwada ta tun kafin ta haihu, akwai maganin da zai tsare jaririn. Ya dawo gida da atamfa da turare, ya kafa doka cewa matarsa ba ta bin layin awo da ƙauyawa. Ta haihu a ɗakin uwarta a Tanda. Yaron ya zo da kyau, ya yi wayo, sai ya fara gudawa da tari, bakinsa ya yi fari, ya riƙa ƙanƙancewa a bayanta har ya zama ba a jin nauyinsa. Bai kai ga yaye ba. Alhaji ya zauna karɓar gaisuwa da carbi, yana cewa ai zazzaɓin bana ba ya barin yara. Da yammar ranar ya haɗiye ƙwayarsa a kan lokaci, bai taɓa fashi ba.

“In ka so,” in ji Bibata a hankali, “muna iya taimaka maka ka gaya mata. Aikinmu na. Ba tilas, amma ya kamata ta sani.”

“Ke, gidana ba ya cikin na'urarki. Ƙare mini.”

“To. Na ƙarshe. In lokacin dawowarka ya yi, na'ura za ta kira ka ta tuna maka. Da yake da yawa ba su karatu, murya a ka sa, kuma ba ta ambaton asibiti ko magani. Kala uku na, ka saurara ka zaɓi wadda ba za ta dame ka gida ba. Ta hwarko tana cewa…”

Ya ɗaga mata hannu. A tuna masa? Shi da yake riƙe da lambobin motoci a ka, shi za a tuna wa kamar tsohuwa mai mantuwa? An yi wannan don su Tanko ne. “Sa wadda kinka ga dama,” in ji shi, ya miƙe yana karkaɗe riga.

Bibata ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sa yatsa ta latsa, allon ya yi kore.

Ya fito da magani a aljihu da fara'a a fuska. Na wata ɗaya kawai aka ba shi, wai sai sakamakon jini ya fito, amma ko a haka ya ci riba. Ya shiga hannun na'urar da ake ta kururutawa ya fito da sunan wani, asirinsa a rufe. A hanya ya tsaya ya juye ƙwayoyin a tsohuwar kwalba, ya jefa sabuwar a kwata. Da yamma a fada, da aka taɓo zancen asibitin, ya fi kullum tofar da yawu.

Wata ya kusa cika. Wata rana bayan azahar yana zaune a tsakar gida kan tabarma, ga shinkafa da kifin gulbi a gabansa. Hawwa tana gefe a kan kujera 'yar tsugune tana yi wa Halima kitso. Salula ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Alhaji ya lashe yatsu, ya dubi matarsa da ɗagawa.

“Kin gani? Mutanen Kwatano na. Na ce miki gadar ga ta kusa buɗewa.”

Ya buɗe murya ya ajiye salular a kan tabarma. Sai ga muryar wata tsohuwa, a natse, mai daɗin ji:

“Salamu alaikum. Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce kwana biyu ba ta gan ka ba, ka leƙo ta ran Talata. In ka ji, danna ɗaya.”

Muryar ta sake faɗa da Zabarmanci, sannan ta katse. Alhaji ya yi tsaki. Shi ba shi da gwaggo, tasa ta rasu tun yana saurayi. Ya buɗe baki zai zagi kamfanin salula, sai Halima ta zabura daga tsakanin ƙafafun uwarta, rabin kai a tsefe.

“Inna, gwaggonki ta! Ita ta, wallahi! Yau Baba ta kira!”

Hannun Hawwa ya tsaya da tsinken kitso a sama. Ta zare shi a hankali, ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali, ta ce ta tafi gidan maƙwabta ta yi wasa. Ta jira har ƙarar takalminta ta ɓace a zaure.

“Kuskuren lamba na,” in ji Alhaji.

“Ba ta kuskure,” in ji Hawwa. “Ka tahi da sahe, kahin layi shi yi tsawo. Talata mutanen Yelu ka cika wurin.”

Lomar da ke hannunsa ta koma cikin kwano. Sai yanzu abin ya fara shiga kansa, ɗaya bayan ɗaya: mayafin, fita da safe, dawowa kafin azahar, gwaggon da bai taɓa tambayar sunanta ba, wadda shi da bakinsa yake aika wa gaisuwa. Jikin nan nata da yake kallo yana wanke kansa da shi, da lafiyar Halima, ashe daga tagar da ya raina suke fitowa. Tsoro ya kama shi, kuma Alhaji in tsoro ya kama shi faɗa yake nema. Ya gyara zama, ya kumbura murya.

“Ke! Tun yaushe? Ina kinka samo…”

“Ƙarasa, Alhaji.”

Ba ta ɗaga murya ba. Kallonsa kawai take yi, irin kallon da shi yake yi wa mutane a layi, sai dai nata ya fi nasa daɗewa a ajiye. Bai ƙarasa ba.

“Da cikin Halima na tahi awo,” in ji ta. “Kana Kwatano, ban tambaye ka ba. Ranar da anka ba ni magani na dawo na buɗe kwalbarka ta hawan jini. Ƙwaya guda ta, har rubutun da ke bisa. Ni kuwa ina ta rage maka gishiri.”

“To mi ya hana ki hwaɗa?”

“Jira ni kai in ga ranar da za ka buɗe baki. Ina kallonka kana haɗiyar taka gabana da ruwan da na kawo maka. Ina jin ka daga zaure kana zagin masu ciwo. Na ce wataƙila gobe.”

Ya nemi abin faɗa. Ya ce ai ba ta san nauyin da ke kan namiji ba, ai mutunci ne, ai garin nan ƙarami ne, ai don ita ya yi, kada hankalinta ya tashi. Ta bar shi ya zuba har ya ƙare. Ta miƙe, ta kakkaɓe gashin da ya zuba a zanenta, ta ɗauki kwanon da ya kasa ci.

“Ni na yahe nawa, tunda ga ni tsaye,” in ji ta. “Amma da ka kai ni na gaishe ta tun ina da cikin Siddo, da bana yana aji uku a lakwal.”

Tun da aka binne yaron ba a sake ambatar sunansa a gidan ba sai yau. Alhaji ya zauna da hannu duk mai, ya rasa inda zai goge shi. Hawwa ta nufi madafa. Ba ta kai ba salular ta sake ɗaukar ƙara a kan tabarma, lambar ɗazu, shi kuwa ya zuba mata ido ya kasa taɓawa.

Ta waiwayo daga bakin ƙofa.

“Ɗauka ka danna ɗaya, Alhaji. In ba ka ce ka ji ba, ba ta bari.”